Wifin Inna Muna

Basiratu ta daɗe da gama karanta yayanta Kailu, tun suna yara, kuma girman da suka yi bai ba ta dalilin sake dubawa ba. Mutum ne da bakinsa bai iya furta "ban sani ba". A meri ta Filinge, wato ofishin magajin gari, yake aiki, a wani ɗan tebur kusa da ƙofa inda ake buga wa takardu hatimi, amma in ka ji shi da yamma a bakin titi sai ka rantse garin a tafin hannunsa yake kwana. Aljihun gaban rigarsa kullum cike da bik, biron rubutu, rabinsu tawada ta bushe tun bara.

Ita tela ce. Tun rasuwar mijinta ta komo gidan mahaifinsu da keken ɗinkinta, tana ɗinka wa matan unguwa da na Yamai, tana kuma kula da mahaifiyarsu Inna Muna, wadda ciwon gwiwa ya hana yawo. Gidan dogo ne. Kailu ya gina nasa sashen na siminti a bakin ƙofa, da salon, wato falo, mai labule da kujeru da har yau ba a cire musu leda ba. Ɗakin Inna kuwa can ƙurya yake, tsohon ginin laka mai kaurin bango, bayan rumbun gero da babban itacen bedi, wato dogon yaro, da marigayi mahaifinsu Malam Alhassan ya shuka shekarar da ya kafa gidan. A inuwar bedin nan Inna ke wuni tana ƙulla kalwar miya ta sayarwa, Basiratu a gefenta tana taka keke.

Autansu Hafizu yana Lome yana sayar da kayan mota. Da matarsa ta haifi tagwaye, Hassan da Husaina, ga hanya ba daɗi ballantana a ɗauko jarirai, sai ya kira Basiratu.

"Yaya Basira, so nika a sa wifi gida," ya ce. "Inna ta riƙa ganin ɗiyan ga kullum, ba sai an tsaya jiran a sa forfe na data ga waya ba. Ki bincika wane kamfani ya fi kamawa wajenku. Sauran ki bar mini."

Ta bincika kuwa. Duk matar da ta kawo ɗinki sai ta tambaye ta. Ta tambayi ungozomar asibiti, ta tambayi matar mai kantin magani da ke bayansu. Bakinsu ɗaya: kamfani biyu ke kawo bokis ɗin wifi a garin, Walƙiya da Zumunci. Walƙiya na da kyau wajen tasha da ofisoshi, amma a unguwarsu da ke kwari rezonsa, wato sabis ɗinsa, rarrafe yake yi. Zumunci ba shi da yawan talla, sai dai eriyarsa na nan kusa, ana hango ta daga kan katanga.

Kuskuren Hafizu ɗaya ne: ya kira Kailu ya sanar da shi, don girmamawa.

"Sha'anin fasaha na," Kailu ya ce da Basiratu, yana gyara zaman bik. "Ba ɗinkin zane na ba. Ki bar shi ga waɗanda sunka yi lakwal."

Ita ma ta yi lakwal ɗin, wato makarantar boko, har ta wuce inda ya tsaya, amma ba ta tuna masa ba. Ta gaya masa abin da mata suka ce. Ya yi dariya, ya ce tun yaushe aka fara zaɓen kamfani a gindin turmi.

Wakilin Walƙiya wani saurayi ne mai santsin baki, Fahad. Ya je meri, ya ga Kailu a teburinsa na bakin ƙofa, ya rusuna ya ce, "Misye Dirakta." Shi ke nan, magana ta ƙare a nan. Da yamma Kailu ya shigo gida da kwali a hammata, da hular kaskat, irin hana-salla, mai tambarin kamfanin a kansa, da hoton da suka ɗauka suna musabaha, wanda ya aika wa duk wanda yake da lambarsa. Basiratu ta kalli hular. Ta ce a ranta, da an ƙara masa rigar tiriko da gidan ma ya sa hannu ya ba su.

Aka buɗe kwalin a salon. Bokis ne fari, ɗan ƙarami, da ƴan fitilu masu ƙyaftawa. Kailu ya share masa wuri cikin bitirin, akwatin gilashin nan da matarsa Balkisu ke jera faranti da kofunan aurenta, ya zura wayar kuran, wato lantarki, ta baya, ya lulluɓe shi da ɗan kyalle mai geza, ya kulle, ya sa makullin a aljihu. Lambar sirrin kuwa ba ya faɗa wa kowa. Duk mai so sai ya miƙa wayarsa, Kailu ya juya baya ya danna kamar mai haɗa maganin gado.

A cikin salon wifin na kamawa, ba laifi. Yana kamawa a bakin titi ma, ta tagar salon, inda abokan shayin Kailu ke shimfiɗa tabarma. Duk ya saka musu lambar, don su shaida. Amma da ka wuce rumbu sai ƴan sandunan da ke saman waya su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka isa ƙofar Inna ba ko ɗaya. Ƙarti a waje suna kallon kokawa suna ihu, tsohuwar da aka sayo abin dominta tana zaune da waya a hannu kamar ta riƙe guntun katako.

Ranar suna Basiratu ta tallafo Inna, suka ratsa tsakar gidan a hankali, tana tsayawa tana nishi. A salon Inna ta zauna a bakin kujerar leda tana zamewa, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Hafizu ya kira. Hoton ya fito, ya daskare a kan kunnen jariri ɗaya da gefen zanen goyo. Murya na zuwa guntu-guntu.

"Wane na wanga? Hassan ko Husaina?" Inna ta tambaya.

"Kunne na dai, Inna," in ji Basiratu.

Kailu ya leƙa ta taga ya roƙi abokansa su ɗan kashe nasu, suka ce to, babu wanda ya kashe. Ya dawo ya ce laifin na Lome ne, rezon bakin teku gishiri ke cinye shi.

Da aka mai da Inna ɗaki, Basiratu ta same shi.

"Yaya, ka hiddo abin ga daga cikin bitirin. A rataye shi tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, kowa shi samu."

"Tsakar gida? Ga awaki, ga ƙura, ga ɓarayi? Ke kin san darajatai kuwa?"

"Na san don Inna anka saye shi."

"To mi ya hana Inna zuwa salon? Ƙohwa buɗe take."

Ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta koma kan kekenta. A daren jiya ita ta gasa wa Inna gwiwa da ruwan zafi, yau ma ita za ta gasa.

Kailu bai zauna ba, wannan kam ba a raba shi da shi. In ya ɓata abu, da ƙwazo yake ɓatawa. Ya fara da murfin tukunyar alminiyam, wanda ya ji wani ya ce yana tura rezo gaba. Ya jingina shi bayan bokis a cikin bitirin, ya fasa wa Balkisu kofi a garin haka. Sannan ya sa wani direban motar Yamai ya sayo masa wata ƴar na'ura, repetar, wadda ake cewa tana karɓar wifi ta ƙara jefa shi nesa. Da ta iso ya tara mutanen gida ya yi musu bayani da Faransanci, sannan ya jona ta a bango, taku ɗaya daga bitirin, don kada ta yi nisa da idonsa. Abokan shayi suka ce lallai yanzu abin ya ƙara gudu. Ɗakin Inna yana nan yadda yake.

Daga nan ya kira Fahad. Saurayin ya zo da takalmi mai ƙyalli, ya zagaya tsakar gidan da waya a sama kamar mai neman wata. Basiratu tana kallonsa ta ƙasan ido. Ta lura ko sau ɗaya bai kalli bitirin ba, kuma bai ce uffan kan kwarin da unguwar take ciki ba. Ya tsaya gindin bedi, ya ɗaga kai.

"Misye Dirakta, kamfaninmu ba ya da matsala. Amma ka san ganye ruwa gare shi, ruwa kuwa shan rezo shikai."

Kailu ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda dama abin da yake zargi ke nan. Basiratu ta tsayar da keke.

"Yaya, kak ka ko soma."

"Wa ya ce miki wani abu?" ya ce.

A makon nan aka yi musu rasuwa a Bonkuku, ƙanwar Inna da suke uba ɗaya. Duk da gwiwa Inna ta ce sai ta je. Basiratu ta raka ta, suka kwana biyu a gidan makoki, suka biyo motar kasuwa suka dawo da la'asar, jiki duk ya yi tsami.

Tun daga zaure Basiratu ta ji wani abu ya sauya. Haske ya yi yawa. Da suka shiga sai ga sama a buɗe tsirara a inda ba a taɓa ganinta ba. Bedin na kwance gunduwa-gunduwa, Mamman mai faskare yana ɗaure rassan a kan amalanke, ƙamshin ɗanyen itace mai ɗaci ya cika gidan. Sheƙar kurciyoyi na warwatse a ƙasa, awaki na cin ganye. Kailu na tsaye kan kututturen da hularsa, waya a sama, yana juyawa gabas da yamma.

Mamman ya ga Inna, ya sauke gatari, ya sunkuyar da kai. "Ku yi haƙuri, Inna. Ce mini anka yi ke kin ba da izini."

Inna ta saki hannun Basiratu, ta dafa rumbu, ta daɗe tana kallon kututturen.

"Ya kama?" ta tambayi Kailu.

"Inna, sai an ɗan jira. Iska bai saba da wurin ba tukuna."

"Na ce ya kama?"

Ya kalli wayar. Ya sauko daga kan kututturen.

Basiratu ta ji maganganu sun taru mata a baki, irin waɗanda in ta fara ba za ta tsaya ba sai unguwa ta taru. Amma da ta dubi fuskarsa sai ta ga ba kunya a ciki, lissafin abin da zai ɗora wa laifi kawai yake yi. Ta haɗiye. Zagin ma asara ne a kansa.

Washegari rana ta fito ta sauka kai tsaye a kan rufin ɗakin Inna. Kafin azahar ɗakin ya zama tanda, tsakar gidan kuwa ko kaza ba ta iya tsayawa. Inna ta idar da salla, ta naɗe dardumarta, ta ce, "Basira, kira mini Balkisu. Ku ɗauki gadon ga."

"Zuwa ina, Inna?"

"Wurin da ɗana ya ce ƙohwa buɗe take."

Balkisu, wadda ta gaji da goge kujerun da ba a barin kowa ya zauna a kai, ita ta fara kama ƙafar gado. Suka kwashe komai: gadon ƙarfe, akwatin tufafi, buta, kaskon turare, tukwanen kalwa, har da gwangwanin da Inna ke tofa yawun goro. Suka tura kujerun jikin bango. Inna ta sa aka yaye ledar, ta ce ƙarar na hana ta barci. Sannan ta nuna bitirin da sandarta.

"Ina makullin wanga?"

Makullin na aljihun Kailu a meri. Balkisu ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa ta ɓalle ƙofar cikin sauƙin da ya nuna ba yau ta fara tunanin hakan ba. Inna ta ce a jera mata kalwarta a ciki, nan ɓera ba zai kai ba. Bokis ɗin ya tare wuri, ta ce a fitar da shi. Basiratu ta yaye masa kyallen, ta jefar da murfin tukunyar, ta rataye shi a ƙusar da ke saman ƙofa ta wajen tsakar gida, inda wayarsa ta iya kaiwa. Bayan ɗan lokaci wayarta da ke kan keken ɗinki, can kusa da rumbu, ta fara ƙara, saƙonnin masu ɗinki na kwana da kwanaki suna shigowa a jere. A bakin titi kuma aka ji wani na tambaya ko kuran ne ya ɗauke.

Kailu ya dawo da yamma tare da baƙi biyu daga Damana da ya gayyato su ga salon. Ya ɗaga labule. Warin kalwa ya tarbe su. Inna na kishingiɗe a gadonta a tsakiyar ɗakin, ƙawayenta tsofaffi na zaune a kan kujerun da ƙafafu a naɗe, ana tauna goro, wata na tsefe kai.

"Inna... mi ak wanga?"

"Fofo, sannu da zuwa, Kailu. Shigo da baƙinka su gaishe ni."

Suka gaishe ta a durƙushe. Ya fita da su ya shimfiɗa musu tabarma a zaure. Daga baya ya dawo shi kaɗai, murya ƙasa-ƙasa, ya ce zai sa a ja waya har ɗakinta, gobe-goben nan, a kai mata bokis ɗin kan gadonta in tana so.

"Ka kai mini inuwa tare da shi?" ta ce.

Bai sake tayar da maganar ba.

Fitar da bokis daga kurkukunsa ya gyara rabin matsalar ne kawai. Wifin ya kai ko'ina a gidan, amma abin da Walƙiya ke turowa unguwar tun asali ba shi da ƙarfi. Hoton tagwayen na ci gaba da daskarewa, yau goshi, gobe tafin ƙafa. Da wata ya ƙare Basiratu ba ta shawarci kowa ba. Ta kira Hafizu ta ce kada ya sabunta. Ta yafa gyale ta je shagon Zumunci, ta ce ba za ta sa hannu a komai ba sai sun ba ta bokis ta gwada a gida tukuna. Matar da ke shagon ta yarda. Basiratu ta rataye shi a ƙusar nan, ta zagaya da waya ɗaki-ɗaki, har madafa da bayan rumbu, da safe da kuma yamma lokacin da gari ke cika da masu kira. Ya riƙe. Ta mai da repetar ɗin tsakiyar gidan, ta ce tunda an saya a bar ta ta yi aikinta.

Ranar Juma'a Inna ta ga jikokinta gaba ɗayansu, daga kai har ƙafa, suna wutsil-wutsil a kan katifa. Ta matso da wayar kusa da ido, ta ce Husaina ta ɗauko hancin Malam, Hassan kuwa Allah ya kyauta, goshin dangin uwarsa ne. Ta yi musu wasa har ta yi tari. Basiratu ta juya tana neman zaren da ba ta ɓatar ba.

Fahad ya zo karɓar bokis ɗinsu. Bai ce Misye Dirakta ba, ya ce, "Ina mai gidan?" Ya nemi a ba shi har da kwalin.

Basiratu ta ɗauka ko yanzu Kailu zai yi kwana biyu yana tafiya a gefen bango. Ashe ba ta gama saninsa ba. Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari cewa Kailu na meri ya fita daga salonsa na siminti ya bar wa mahaifiyarsa, shi ya koma karɓar baƙi a zaure. Mata masu kawo ɗinki suna cewa, "Kai, Basira, kun yi sa'ar wa. Ɗiyan yanzu wa ka yin haka?" Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya sa masa albarka a gaban jama'a. Kailu ya sunkuyar da kai, ya ce ai uwa ba abin wasa ba ce, shi bai yi komai ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da Basiratu ta taɓa ji daga bakinsa, ita ma ba da niyya ya faɗe ta ba. Game da canjin kamfani kuwa, ya gaya wa abokan shayi cewa shi ya gudanar da bincike ya gano Walƙiya ba su cika alkawari.

Ta yi niyyar faɗa wa Hafizu komai. Inna ta hana ta. "Yaro na can cikin baƙin mutane da jarirai. Mi za shi yi da labarin itace?"

Haka wata yamma Hafizu ya kira, Kailu ya karɓe wayar ya cika allon da fuskarsa. Basiratu na bakin ƙofa tana kafa maɓalli a rigar wata amarya.

"Yaya, Allah shi saka," in ji Hafizu. "Na ji duk ƙoƙarin da kay yi."

"Haba, ba komi. Nauyi na da Allah ya ɗora muna." Ya gyara murya. "Dama akwai abin da nika son mu tattauna. Pampon gidan ga, ruwa ba su da ƙarhi. Na yi nazari. In anka tone bututun duka anka sake mai hanya, anka sa inji da pano na hasken rana bisa rufi, ruwa har ɗaki za su riƙa zuwa. Akwai wani yaro da na sani, ƙwararre na. Ni zan tsaya kan aikin da kaina."

Balkisu da ke tankaɗe a tsakar gida ta tsaya cak, ta ɗago ta kalli Basiratu. Basiratu ta soke allurar a jikin rigar, ta ajiye. Ta tashi ta jawo tiyo, ta fara cika babbar randar madafa da ruwa.

"Balkisu," ta ce, "hiddo jarkokin bidon ɗin nan duka, da bahon wanki. Ki leƙa maƙwabta ko suna da tano, babban durom ɗin nan, da ba su aiki da shi."